Filasma da Tsefe Haske: Hanyar Gano Sinadaran da ke Cikin Gawayi da Danginsa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya ratsa ta Gidan Mutum Ɗaya a Ƙaramar Hukumar Kusada har ya dangana da Kankiya, da wuya ya rasa ganin buhunan gawayi a gefen titi ko a bakin kasuwa. Da wannan gawayi mai shayi yake tafasa ruwa, mai tsire yake gasa nama, maƙeri yake zuga wutarsa, mai wanki kuma ya cika dutsen guga. Almajiri ma a tsangaya daga gawayi yake haɗa tawadar da zai rubuta allonsa. A ido, gawayi duk baƙi ne. Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Wani gawayin yana jimawa yana ci, wani nan da nan ya zama toka. Wani ba shi da wata illa, wani kuwa yana ɗauke da dalma ko tutiya da ya gado daga abin da aka ƙone.

Wannan babi zai yi bayanin wata hanyar kimiyya da ake bi a gano sinadaran da ke cikin gawayi da sauran abubuwa dangin kabon. Hanyar ta ginu a kan abubuwa biyu: mayar da ɗan guntun abu filasma, sannan tsefe hasken da filasmar ta fitar. Za a duba ma'anar kabon da filasma, da tarihin wannan ilimi, da matakan aikin, da amfaninsa ga al'umma irin ta Kusada da Kankiya, da kuma iyakokinsa.

2.0 Kabon da Danginsa

Kabon sinadari ne na asali, wato irin sinadarin da ba a iya warware shi zuwa wani abu mafi sauƙi ta hanyar haɗa magunguna ko dafawa. Shi ne na 6 a jerin sinadarai 118 da masana suka tabbatar. Shi ne ginshiƙin jikin duk wani abu mai rai. Alal misali, kimanin rabin nauyin busasshen itace kabon ne.

Idan aka jera itace aka rufe shi da ƙasa aka cinna wuta, ta yadda iska ba ta isa gare shi sosai, ruwan da ke jikinsa da hayaƙi da maiƙo sukan fice, kabon ya rage. Abin da ya rage ɗin nan shi ne gawayi. Gawayi mai kyau, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa, ko fiye, tsantsar kabon ne. A irin rufin ƙasa na gargajiya akan ƙone itace kimanin kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo 1 na gawayi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ingancin gawayi yana da alaƙa da yawan itatuwan da ake sarewa.

Dangin kabon suna da yawa. Daga cikinsu akwai:

(a) Gawayi da kunkunniya da baƙin tukunya da baƙin fitila.
(b) Kwal, wanda ake haƙowa daga ƙasa. A Nijeriya an gano shi a yankin Udi kusa da Inugu a shekarar 1909.
(c) Garafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, wanda ake cuɗawa da yumɓu. Shi ne kuma babban abin da ake amfani da shi a ɗaya ɓangaren batirin wayar salula. Akwai shi a yankin Birnin Gwari ta Jihar Kaduna.
(d) Daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u. A ƙarshen ƙarni na 18 masana suka tabbatar da cewa shi ma kabon ne, bayan sun ƙone shi sun ga iskar da ya bayar daidai take da wadda gawayi ke bayarwa.
(e) Sababbin nau'o'i irin su garafin, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 2004, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2010.

Abin lura shi ne, da wuya a sami ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa tsantsa. Itace yana zuƙo kalsiyam da fotasiyam da maganiziyam da ƙarfe daga ƙasar da ya tsiro, kuma su ne suke zama toka idan gawayi ya ƙone. Kwal yana tafe da farar wuta da silikon da alminiyam. Waɗannan baƙin sinadarai, duk da ƙarancinsu, sau da yawa su ne suke yanke hukunci a kan ingancin abu ko cutarwarsa.

3.0 Ma'anar Filasma

An saba koyar da cewa abu yana da yanayi uku: daskararre da ruwa-ruwa da iska. Ƙanƙara idan ta ji zafi takan zama ruwa, ruwa ya zama tururi. To, idan aka ci gaba da ƙara wa tururi ko wata iska zafi mai tsanani, akan kai wani matsayi da ƙwayoyin zarrar da suka haɗu suka yi ta za su rarrabu, har wasu daga cikin ilektiron ɗin da ke kewaye cibiyar kowace ƙwaya su fizge su fice. Wannan cakuɗa ta ƙwayoyi masu cajin lantarki da ilektiron masu yawo ita ake kira filasma, kuma ita ce yanayi na huɗu. Masanin Amurka Irving Langmuir ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1928.

Filasma ba baƙuwa ba ce ga kowa. Walƙiyar da ake gani da damina filasma ce. Rana da taurari filasma ne. Farin hasken nan mai kashe ido da ke fita idan mai walda yana aiki, shi ma filasma ne. Ya kamata a kiyaye cewa likitoci suna kiran ruwan jini da wannan suna, amma ma'anar can dabam ce.

4.0 Haske da Tsefe Shi

4.1 Abin da Ido ya Riga ya Gani

Uwargida ta san idan ruwan gishiri ko na kanwa ya zuba a wuta, harshenta yakan koma ruwan ɗorawa. Maƙerin fari ya san jan ƙarfe yana sa wuta ta yi kore. Dalili kuwa shi ne, a cikin gishiri da kanwa akwai sodiyam, kuma sodiyam idan ya ji zafi hasken ruwan ɗorawa yake fitarwa. Fotasiyam yana ba da shunayya mai haske, kalsiyam yana ba da ja mai kama da jan bulo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka kowane sinadari yake da nasa launi.

Masana sun bayyana dalilin haka da cewa ilektiron ɗin da ke cikin ƙwayar zarra suna zaune ne hawa-hawa, kamar matakalar bene. Idan ƙwayar ta sami zafi, ilektiron yakan tsallaka zuwa mataki na sama. Ba ya daɗewa a can sai ya dawo, kuma a yayin dawowa yake amayar da ƙarfin da ya karɓa a matsayin haske. Da yake tazarar matakalar kowane sinadari ta bambanta da ta sauran, hasken da kowanne ke fitarwa ba ya zama ɗaya da na wani. Ya zama tamkar zanen yatsa ke nan.

Ana auna haske da tsawon zangonsa, kamar yadda masu sauraren rediyo suka san gajeren zango da matsakaicin zango. Sai dai zangon haske ƙanƙane ne ƙwarai, don haka ake auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai. Abin da ya gaza haka ko ya zarce, sai na'ura.

4.2 Taƙaitaccen Tarihi

A wajen shekarar 1666 Isaac Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Wannan rarrabawa ita ake nufi da tsefe haske, kamar yadda ake tsefe kitso sili-sili. A 1814 Joseph von Fraunhofer na Jamus ya lura da ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin bakan hasken rana. A 1859 da 1860 kuma Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka tabbatar da cewa kowane sinadari yana da nasa layuka. Da wannan hanya suka gano sababbin sinadarai biyu, siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861. A 1868 aka hango layin wani sinadari a hasken rana wanda ba a san shi a doron ƙasa ba, aka sa masa suna hiliyam. Sai a 1895 William Ramsay ya same shi a cikin wani ma'adini.

Harshen wuta, duk da haka, zafinsa bai isa ya tayar da yawancin sinadarai ba, balle kabon, wanda ba ya zama tururi sai zafi ya haura digiri 3,600 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ya sa aka koma ga filasma, wadda zafinta ke kai digiri 10,000 ko fiye, alhali zafin fuskar rana kimanin digiri 5,500 ne. Bayan Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a 1960, ba a fi shekara biyu ba masana suka fara tsefe hasken filasmar da leza ke tayarwa. A 1964 da 1965 kuma Stanley Greenfield a Ingila da Velmer Fassel a Amurka suka fito da hanyar amfani da filasmar iskar agon.

5.0 Hanyoyin Aikin

5.1 Hanyar Leza

Masana suna taƙaita sunan wannan hanya da haruffan LIBS. Matakanta su ne:

Na farko, ɗibar samfuri. Idan buhun gawayi ake son bincika, akan ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa, domin gutsure ɗaya ba ya wakiltar buhu.

Na biyu, shirya shi. Akan busar da samfurin, a niƙe shi lilis, a matse garin ya zama ɗan faifai kamar ƙwayar magani.

Na uku, harbi. Na'urar leza takan aiko da haske mai ƙarfi wanda bai wuce 'yan ɓangarori cikin biliyan na daƙiƙa ba. Gilashi yakan tattara shi a wuri ɗaya, kamar yadda yara ke tattara hasken rana da tabarau su ƙone takarda. Ɗan abin da hasken ya faɗa wa, wanda bai kai kan allura ba, yakan tashi ya zama filasma, a ji wata 'yar ƙara kamar ta tartsatsi.

Na huɗu, ɗan jinkiri. A farkon tashinta, filasmar farin haske take yi wanda ba a bambance komai a cikinsa. Saboda haka na'ura takan dakata kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, har ta fara hucewa, layukan sinadarai su bayyana.

Na biyar, tsefewa. Wata siririyar igiyar gilashi takan kai hasken cikin na'urar tsefewa, inda wani faranti mai dubban zane-zane yake rarraba shi bisa tsawon zango. Kwamfuta takan zana sakamakon kamar jerin tsaunuka, wasu dogaye, wasu gajeru.

Akan maimaita harbin sau da yawa a wurare dabam-dabam, a ɗauki matsakaici. Fa'idar wannan hanya ita ce sauri da rashin ɓarnar samfuri, ga shi kuma ana iya aiki daga nesa. Motar bincike mai suna Curiosity, wadda hukumar sararin samaniya ta Amurka ta saukar a duniyar Mars a watan Agusta na 2012, tana ɗauke da irin wannan na'ura da ke harbin duwatsu daga tazarar da ta kai mita 7. An sake aika wata a kan motar Perseverance, wadda ta sauka a Fabrairun 2021. A doron ƙasa kuwa, akwai ƙanana da ake riƙewa a hannu a fita da su fili.

5.2 Hanyar Filasmar Agon

Wannan ita ake taƙaitawa da ICP. A nan sai an fara narkar da samfurin. Akan ƙone gawayin ya zama toka, ko a dafa garinsa a cikin ruwan asid mai ƙarfi. Daga nan a fesa ruwan kamar raɓa a cikin filasmar iskar agon, wadda igiyar rediyo ke riƙe da ita a zafin digiri 6,000 zuwa 10,000. Hanyar tana cin lokaci da kuɗi, amma ta fi ta leza kaifin gani. Hanyar leza takan gano abin da ya kai 'yan ɓangarori cikin miliyan, wato kamar 'yan giram-giram a cikin tan guda. Ta agon kuwa tana iya sauka zuwa ɓangarori cikin biliyan. Raunin da take da shi game da wannan batu shi ne, kabon ɗin kansa yakan tafi a wajen ƙonawa ko dafawa, saboda haka baƙin sinadaran da suka rage ne take aunawa.

5.3 Hanyar Tartsatsin Lantarki

A masana'antun ƙarfe, tartsatsin lantarki ake amfani da shi a tayar da filasma a jikin ƙarfen. Da shi ake sanin yawan kabon da farar wuta da fosfaras da ke cikin rodi ko ƙarfen gini. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai wuce kimanin kashi 2 cikin ɗari ba shi ne ake iya ƙerawa a lanƙwasa; wanda ya zarce haka yakan zama na zubi, mai tauri amma mai saurin fashewa.

6.0 Karanta Sakamako

Zanen da kwamfuta ta fitar yana amsa tambayoyi biyu. Wurin da tsauni ya tsaya yana faɗin wane sinadari ne. Tsawonsa kuma yana nuna yawansa. Ga wasu daga cikin layukan da aka fi dubawa, a ma'aunin nanomita:

Kabon: 193 da 248
Silikon: 288
Kalsiyam: 393 da 397 da 423
Manganis: 403
Dalma: 406
Sodiyam: 589
Haidurojin: 656
Fotasiyam: 766 da 770

Za a lura cewa manyan layukan kabon biyu suna ƙasa da 400, wato ido ba ya ganin su. Haka kuma, yayin da filasmar ke hucewa, ƙwayoyin kabon kan haɗu biyu-biyu su ba da koren haske a wajen 516, wanda ake kira da sunan William Swan, masanin Sikotilan da ya yi nazarinsa a tsakiyar ƙarni na 19. Wasu kuma kan haɗu da naiturojin su ba da haske a wajen 388. Waɗannan alamomi suna taimakawa wajen fahimtar irin abin da ake bincike.

Tsawon tsauni shi kaɗai ba ya zama adadi sai an gwada shi da ma'auni. Kamar yadda mai awon hatsi yake dogara da tiyar da kasuwa ta amince da ita, haka mai bincike yake fara harbin wasu samfura waɗanda an riga an san abin da ke cikinsu. Da su yake gina ma'aunin da zai ɗora baƙon samfuri a kai. Idan ma'aunin ya karkace, duk lissafin da ya biyo baya ya karkace.

7.0 Amfaninsa ga Al'umma

7.1 Maƙera da Masu Gawayi

Tun kafin zuwan na'ura maƙeran ƙasar Hausa suka fifita gawayin ƙirya, saboda nauyinsa da zafinsa da jimawarsa. Kimiyya ba ta ƙaryata su ba. Abin da ta ƙara shi ne adadi: nawa ne kabon, nawa ne toka, kuma me tokar ta ƙunsa. Ta kuma bayyana dalilin da ya sa gawayin itace ya dace da ƙira, wato ƙarancin farar wuta a cikinsa, domin farar wuta tana sa ƙarfe ya tsattsage idan ana dukan sa da zafi. A yau da ƙirya da marke suke ƙaranci a dazuzzukan Katsina, ana ƙoƙarin yin curin gawayi daga karan dawa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa. Ƙaiƙayin shinkafa, alal misali, tokarsa tana da yawa kuma mafi yawanta silika ce, wadda ba ta ci da wuta. Bincike ne zai nuna irin haɗin da ya fi dacewa kafin mai sana'a ya zuba jarinsa.

7.2 Tawadar Allo da Tsofaffin Littattafai

Tawadar allo daga zuge ko baƙin tukunya ake haɗa ta, a sa ƙaro domin ta kama. Kabon ɗinta a saman allo yake zama, shi ya sa take wankuwa. Akwai kuma tawadar takarda da ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda take shiga jikin takarda, wani lokaci ma ta cinye ta bayan shekaru. Sanin sinadaran tawada yana bambance waɗannan biyu, kuma yana taimaka wa masu adana tsofaffin littattafan malamai. Wata masaniya daga Amurka, Michaelle Biddle, ta wallafa nazari a 2011 a kan tawadar rubuce-rubucen Musulunci na Arewacin Nijeriya. Sai dai da yake harbin leza yana barin ɗan tabo, masu adana littattafai sukan fi son hanyoyin da ba sa taɓa takarda ko kaɗan.

Bugu da ƙari, da yake ana wanke allo a sha, tsabtar kayan haɗin tawada abu ne da ya shafi lafiya. Gawayin itacen daji ba ɗaya yake da na tsohon katakon da aka shafa wa fenti ba, domin wasu fentin suna ɗauke da dalma, kuma dalma sinadari ne na asali wanda wuta ba ta hallaka shi. Wani ɓangare yana bin hayaƙi, wani yana zama a cikin gawayi da toka.

7.3 Abinci da Lafiyar Yara

Al'ummar Arewa ta riga ta ga illar dalma. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Dalma ba ta da wari, kuma ba a gane ta da ido a cikin ƙura ko toka.

Akwai wasu al'adu na yau da kullum da suka cancanci a duba. Wasu mahauta sukan yi babbakar kai da ƙafa da ganda da tsofaffin tayoyi, alhali taya tana ɗauke da tutiya da wasu sinadarai da kan manne a jikin nama. A wasu makarantun karkara akan fasa tsohon batirin tocila a shafe allon aji da baƙin garin da ke ciki, bisa zaton gawayi ne. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan garin nan sinadarin manganis ne haɗe da kabon da gishirin tutiya ko makamancinsa, kuma bai dace yara su shaƙa ko su taɓa su kai hannu baki ba. Malamin da ya san haka zai zaɓi fentin allo, ko gawayin itace mai tsabta.

7.4 Noma

Ƙasar noma a wannan yanki akasari jigawa ce mai ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, wato mai ƙarancin kabon. Manoma sun daɗe suna kai toka da takin gida gona. Toka tana ba da fotasiyam da kalsiyam, kuma tana rage tsamin ƙasa. Garin gawayi kuwa yana taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe laima. Tun a 2001 masana a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka suka nuna cewa ana iya auna kabon ɗin ƙasar noma da hanyar leza. Haka kuma, takin bola da ake kwasowa daga gari yakan haɗa da fasassun batura da robobi da gwangwanaye, don haka auna shi kafin a zuba a gonar abinci yana da muhimmanci.

7.5 Kwal da Batura

Kwal ɗin Maiganga a Jihar Gwambe yana ciyar da kamfanin siminti na Ashaka, na Anu-Araren a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar kuma ana samar da wutar lantarki da shi. Darajar kwal tana raguwa gwargwadon yawan tokarsa da farar wutarsa, kuma farar wutar ce ke zama hayaƙi mai cutar da huhu da cin ƙarfe. A wasu ƙasashe akan kafa na'urar leza a kan bel ɗin da ke jan kwal, tana auna shi yana wucewa. Garafait ɗin batiri kuwa, sai tsarkinsa ya kai kimanin kashi 99.95 cikin ɗari ake karɓar sa, domin ɗan ƙarfe kaɗan a ciki yana iya lalata batirin. Ƙasar da take da wannan ma'adini amma ba ta iya auna shi, mai saye ne zai yanka mata farashi.

8.0 Iyakoki da Matsaloli

Kowace hanya tana da inda ta tsaya. Da farko, filasma tana wargaza abu zuwa ƙwayoyinsa na asali, saboda haka tana faɗin waɗanne sinadarai ne a ciki, amma ba ta cika faɗin yadda suka ginu ba. Gawayi da garafait da daimon duk layin 248 za su nuna. Domin tantance su akan koma ga wata hanya da ta samo asali daga binciken C. V. Raman na Indiya a 1928. Haka nan gubobin da ke cikin hayaƙin taya, waɗanda kabon da haidurojin ne suka haɗu suka yi su, sai da wasu na'urori ake gano su. Sanin shekarun tsohon gawayin da aka tono a kufai shi ma wani fanni ne dabam.

Na biyu, iskar da ke kewaye tana iya shiga sakamako, tun da akwai naiturojin da oksijin da ɗan kabon a cikinta. Saboda haka akan yi harbin a cikin iskar agon ko hiliyam idan ana son daidaito. Na uku, laima da taurin samfuri suna canza yadda filasma ke tashi, har abubuwa biyu masu dalma daidai wa daida su ba da tsauni mabambanta. Na huɗu, wasu sinadarai, kamar farar wuta, layukansu masu ƙarfi suna yankin da iska ke shanyewa, don haka auna su yana da wuya.

Sai kuma matsalar tsada. Na'urorin suna buƙatar tsayayyar wutar lantarki da iskar agon da ƙwararrun ma'aikata. A Arewacin Nijeriya, binciken sinadarai ta hanyoyi dabam-dabam ya fi ƙarfi a wurare irin su Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a 2004, da ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Ma'adinai ta Nijeriya da ke Kaduna. A Jihar Katsina, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna horar da ɗalibai a fannonin fizis da kemistiri, waɗanda su ne tushen wannan aiki.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa gawayi da kwal da garafait da daimon asalinsu ɗaya ne, kuma abin da ke raba mai kyau da maras kyau sau da yawa ɗan ƙanƙanin baƙon sinadari ne da ido ba ya gani. An ga yadda ake mayar da ɗan guntun abu filasma, a tsefe haskensa, a karanta sunayen sinadarai daga wuraren layuka, a kuma san yawansu daga tsawonsu bayan an gwada da ma'auni. An kuma ga cewa sanin maƙeri game da ƙirya da sanin uwargida game da gishiri a wuta suna kan turba ɗaya da abin da na'ura ke nunawa. Ba kowane gari ne zai mallaki na'urar ba, amma darasinta yana iya isa ko'ina: a san asalin gawayin da ake girki da shi, a guji katako mai fenti da taya da garin batiri a duk abin da ya shafi ciki ko yara. Malamin da zai koyar a Kusada ko Kankiya yana da damar isar da wannan ilimi da harshen da iyaye da ɗalibai suke ji, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyin Bita

1. Mece ce filasma? Kawo misalai uku daga rayuwar yau da kullum.
2. Me ya sa kowane sinadari yake fitar da hasken da ya bambanta da na sauran?
3. Jero matakai biyar na hanyar leza, tare da bayanin dalilin jinkirin da ake yi a mataki na huɗu.
4. Kwatanta hanyar leza da ta filasmar agon ta fuskar sauri da kaifin gani.
5. Ziyarci maƙera ko tsangaya a garinku, ka tattaro sunayen itatuwan da ake yin gawayi ko zuge da su, da dalilan da masu sana'ar suka bayar na fifita su.